Akwati Mai Kwaɗo Uku

Yau labarin zaman da na yi a ƙasar mutane zan ba ki, da wani kuskure da na tafka a can, wanda har gobe in na tuna sai na ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Na daɗe ina juya maganar a raina, in rubuta ko in bar kaza cikin gashinta, to amma na lura da yawanmu muna da irin halin nan nawa, na son taimako da gaggawa, shi ya sa na ce bari dai in faɗa.

A farkon shekarar 2016 maigidana ya sami shiga shirin nan da gwamnatin Nijeriya ta kafa tun 1987, wanda take tura malamai da likitoci zuwa wasu ƙasashe su yi aiki na shekara biyu. Shi malamin kimiyya ne, sai rabonsa ya faɗa Zanzibar, wato tsibiran nan na cikin teku da suka haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami ƙasar Tanzaniya. Ya yi wata shida shi kaɗai, sannan ya haɗa 'yan kuɗi ya ce in biyo shi ni da ƙaramar 'yarmu. Daga Darussalam jirgin ruwa muka shiga, tafiyar kamar awa biyu, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba. Ke dai bari, babu addu'ar da ban karanta ba a jirgin nan.

Gidan da muka kama yana bayan tsohon gari, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da bishiyar kwakwa ɗaya. Kusan kowa Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina, mata cikin baƙar abaya da suke kira buibui. Sai dai fa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Malam zai fita tun da sassafe, ni kuwa in zauna daga ni sai yarinya, ba mai cewa ci kanki. Babu gidan suna, babu gidan biki, babu maƙwabciyar da zan leƙa ta katanga in ce ara mini rariya. Sati uku na farko kuka nake yi a ɓoye, in ya dawo in wanke fuska in ce hayaƙin gawayi ne.

Maƙwabciyata ce ta fara fasa wannan kaɗaici. Wata rana na ji ana cewa hodi, hodi a bakin ƙofa, ashe sallamarsu ke nan ta neman izinin shiga, mai gida kuma ya amsa da karibu. Ta shigo da kwanon shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, ta zauna muna ta magana da hannu kamar kurame. Daga nan kullum sai ta zo. A bakinta na fara tsintar Suwahili, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda kalmomi da yawa suka yi kama da namu, saboda mu da su duk mun sha daga Larabci. Sabulu su ce sabuni, labari su ce habari, asara su ce hasara, duniya kuwa duniya ce, Alhamis ma Alhamisi. Amma akwai masu yaudara. Kaka a wurinsu yaya ne namiji, gari mota ce, kuku kuma kaza. Ranar da ta tambaye ni ko ina da mbuzi, na duba ɗan littafina na ga akuya ke nan, na ce mata ina ni ina akuya a gidan haya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta je ta ɗauko wata 'yar kujera mai baƙin ƙarfe mai haƙora a goshi, wadda ake zama a kai a kankare kwakwa. Ita ma sunanta akuya.

Sannu a hankali na iya cefane a kasuwar Darajani, na iya dafa pilau da kanumfari da kirfa, na saba da tuwonsu na masara da suke kira ugali, wanda ya fi namu tauri. Abin da dai na kasa kaiwa baki har na baro ƙasar shi ne pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke ci kamar ba gobe. Daddawa da kuka kuwa sai wadda na taho da ita, ina tsakura kamar magani.

To zaman banza bai karɓe ni ba, don ni a gida malamar lissafi ce a firamare. Ƙanwar maƙwabciyar tawa tana aiki da wata 'yar ƙaramar ƙungiya mai taimakon matan ƙauye, ta ce suna neman mai aikin sa kai da za ta riƙa duba musu littattafan ajiya na mata a gabashin tsibirin, ba albashi, kuɗin mota kawai. Malam ya amince, maƙwabciya ta ce ita za ta riƙe yarinya ranar da zan fita. Aka haɗa ni da wani ƙauye a yankin Paje da Jambiani, aka ce taronsu duk Talata ne, saa kumi.

Kumi dai goma ne, wannan na sani. Don haka na yi sammako na hau daladala, motar hayarsu ke nan, muka ratsa ta dajin Jozani inda jajayen birai suke tsalle a gefen titi, ƙarfe goma daidai ina ƙauyen. Shiru, ba kowa sai awaki da tsofaffi maza a gindin bishiya. Ashe su Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe bakwai na safe shi ne ɗaya a wurinsu, saa kumi kuwa ƙarfe huɗu na yamma. Awa shida ke nan a gabana. Wata yarinya ta ja hannuna ta ce matan duk suna gona, ta nufi teku da ni. Na ce a raina wannan yarinya ba ta fahimce ni ba.

'Yar uwa, gani ya kori ji. Teku ya janye ya yi nisa har ido bai iya ganin ƙarshen farin yashin, sai ruwa iya gwiwa, ga mata nan birjik a zaune cikin ruwan da zannuwansu, kowacce tsakanin layukan turaku. Gonar ke nan. Abin da suke nomawa wata ciyawar teku ce mai suna mwani. Ana kafa turaku biyu, a ɗaura igiyar roba a tsakani, a ɗaɗɗaure 'yan guntayen ciyawar a jiki, bayan kamar sati shida ta yi girma a tsinke, a bar iri, a jawo sauran a buhu zuwa tudu a shanya. In ta bushe 'yan kamfani su auna su saya a kai Turai da Amurka da Asiya, a tatsi wani abu mai kauri da ake sa wa a man goge baki da askirim da magunguna. A 1989 aka fara noman a wannan yanki da irin da aka kawo daga ƙasar Filifin, kuma tun daga lokacin yawancin masu yinsa mata ne. Aikin bin wata yake yi, domin sai lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika ne ruwa ke janyewa sosai. Wahala kam akwai ta: ciwon baya, gishiri yana cin fata, hasken rana a kan ruwa yana kashe ido, ga wani abu mai ƙaya kamar bushiya da ke soke ƙafa. Duk wannan, kilo guda na busasshiya a lokacin bai kai shilin dubu ba, alhali dala ɗaya ta haura shilin dubu biyu.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a inuwar wani gida, mata ashirin da bakwai suka zauna a kewaye. Shugabarsu wata dattijuwa ce siririya, ba ta da yawan magana, kowa yana kiranta Bi Mkubwa, wato babbar uwa. Na durƙusa na ce mata shikamoo kamar yadda ake gai da manya, ta amsa da marahaba tana kallona har cikin ido. Can sai ga wata ta fito da akwatin ƙarfe a ka, ta dire a tsakiya. Kwaɗo uku ne a jikinsa. Mata uku daga gidaje daban-daban suka taso, kowacce ta kwance makulli daga bakin zaninta ta buɗe nata. Mai ajiye akwatin ba ta da makulli ko ɗaya, masu makulli kuma akwatin ba ya kwana a gidansu.

Ga yadda abin yake tafiya. Kowace mace tana sayen hannun jari, su ce hisa, daga ɗaya zuwa biyar a sati, kowanne shilin 1,000, a buga mata hatimi a ɗan littafinta, hatimi ɗaya hisa ɗaya, don ko wadda ba ta yi boko ba ta iya ƙirga nata. Akwai wata 'yar jaka daban ta taimakon juna, kowa na jefa shilin 200, ita ce ta rashin lafiya da rasuwa, kuma abin da aka ba ki daga cikinta ba bashi ba ne. Mai son rance za ta faɗa a gaban kowa, ba a ba ta fiye da ninki uku na abin da ta tara, ta biya cikin wata uku. Wasu ƙungiyoyin suna ɗora kuɗin ruwa, amma waɗannan sun ce su ba ruwansu da riba, sai dai su saro sukari da shinkafa da kuɗin akwati su sayar wa junansu, ribar cinikin da tarar makara su koma ciki. In shekara ta zagayo a fasa, kowa ta kwashi nata gwargwadon hatiminta. Kafin a rufe akwati sai an ƙirga kuɗin da ƙarfi, kowa ta riƙe adadin a ka, sati mai zuwa a tambaya.

Na ce wannan ai adashi ne aka yi wa kwaskwarima. Su ma suna da adashi irin namu, upatu suke ce masa. Bambancin shi ne a adashi sai kwasarki ta zo, ko da kuwa yau ɗanki yake kwance, a nan kuwa ranar da buƙata ta taso ranar za ki nema.

Bayan kamar wata guda ina ofishin ƙungiyar ina duba littafin koyarwa, sai idona ya faɗa kan wasu kalmomi uku da suka sa na miƙe tsaye: Mata Masu Dubara. Hausa tsantsa a tsakiyar Suwahili! Jami'ar ta ce ai sunan tsarin ke nan, su dai haddace shi suka yi, ba su san yadda ake furta shi daidai ba. Ashe a Maraɗi aka fara wannan akwati a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta zauna da matan karkara aka gina shi a kan adashin da suka gada. Daga can ya bazu cikin Afirka, ya iso Zanzibar a farkon shekarun 2000 ta ƙauyukan da ke kewaye da dajin Jozani. A babban yankin Tanzaniya ma akwai danginsa da suke kira vikoba. Talatar da ta biyo na ba matan labari, na fassara musu sunan, suka yi ta maimaita dubara, dubara suna dariya. Daga ranar suka daina ce mini matar malam, suka koma ce mini Mama Dubara.

Wallahi a nan kaina ya fara kumbura. Na riƙa jin kamar akwatin nan kayan gidanmu ne, ni ce ma na fi su saninsa. Alhali ban taɓa zuwa Maraɗi ba, kuma Bi Mkubwa ta shekara fiye da goma tana zama a gabansa.

Watan Janairu na 2017 ya kama, lokacin da yara ke komawa makaranta a can, kowa na neman kuɗin yunifom da littattafai. Mata tara suka nemi rance, abin da ke cikin akwati bai ishi huɗu ba. Na ga yadda sauran biyar suka sunkuyar da kai aka ce su jira. Daren nan ban yi barci ba. Ina da shilin 400,000 a ƙasan akwatin kayana, canjin kuɗin adashin da na kwasa kafin in taho. Na gaya wa Malam niyyata, ya ce, "Ni dai da kin tambayi tsohuwar nan tukuna, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Na ce taimako ne fa, wa zai ƙi taimako? Ofis ma ban gaya musu ba, don na san a littafin an rubuta ƙarara cewa ba a zuba kuɗin waje a akwati. Na ɗauka wannan doka ta Turawa masu ba da tallafi ce, ni kuwa ai 'yar gida ce.

Ranar Talata bayan an buɗe kwaɗo na uku na zaro kuɗin na ajiye a tsakiyar tabarma, na ce gudummawata ce, a ƙara a ba kowa rance. 'Yan matan cikinsu suka rangaɗa guɗa. Bi Mkubwa ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta ce, "'Yata, wannan hisa nawa ke nan?" Na ce ba hisa ba ce Mama, taimako ne. Ta ce, "To na wane ne?" Na ce na kowa. Ta yi shiru, can ta ce asante, wato an gode. Mutanen bakin tekun nan suna da kawaici ko Bafulatana albarka, ba za su kunyata baƙo a gaban jama'a ba. Ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin yarda.

Ban tsaya nan ba. Akwai wata yarinya a cikinsu, ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba, mijinta masunci ne teku ya ci shi, ya bar ta da 'ya'ya biyu. Ita ce mai riƙe mini jaka in na sauka daga mota, tana ce mini dada, wato yaya. Abin da ta tara shilin 20,000 ne, don haka iyakar rancenta 60,000. Ni kuwa na riga na yi mata lissafi a takarda. Mwani iri biyu ne, akwai spinosum da kowa ke nomawa mai araha, akwai cottonii mai kauri wanda kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Na ce in ta sayi igiyoyi da turaku da irin mai tsadar, girbi biyu ya ishe ta biya. Na roƙi taro a ba ta 120,000, tunda ai ga kuɗi. Wata tsohuwa ta ce irin nan ba ya son zafi, su sun daina shuka shi a ruwa marar zurfi tun shekaru. Na ce a gwada mana. Wa zai musa wa wadda ta kawo kuɗin? Aka ƙirga aka ba ta.

Fabrairu da Maris su ne tsananin zafi a can. Ruwan da ke kwance a kan yashi in teku ya janye sai ya yi ɗumi kamar an ɗora a wuta. Ciyawar yarinyar nan ta fara yin fari-fari a gaɓoɓi, ta yi laushi, ta riƙa karyewa tana bin ruwa. Cuta ce sananniya da ɗumamar teku ta ƙara wa ƙarfi, kuma irin mai tsadar ta fi kamawa, shi ya sa masu shuka shi yanzu suke kai shi can cikin zurfi da kwalekwale, inda yawancin matan ba sa iya zuwa don ba su iya iyo ba. Duk matan da ke kan tabarmar nan sun san haka. Ni kaɗai ce ban sani ba, kuma ni ce mai alƙalami. Kafin ƙarshen Maris igiyoyinta sun zama fayau. Daga nan damina mai ƙarfi da suke kira masika ta sauka har zuwa Mayu, ko mai ciyawa ba ta da ranar shanya.

Sai kuma akwatin kansa ya fara ciwo. Matan da ba su taɓa makara da biya ba suka fara cewa sai sati mai zuwa. Na ji da kunnena wata tana cewa ai kuɗin baƙuwa ne, ba na kowa ba. Da can in mace ta yi jinkiri, idon maƙwabciyarta kawai ya ishe ta, don ta san guminta ne ta riƙe. Yanzu kuwa ba a san gumin wa aka riƙe ba. Gardama ta tashi a kan ranar fashi: kuɗin Mama Dubara daidai za a raba, ko gwargwadon hatimi? Masu hisa da yawa suka ce gwargwado, masu kaɗan suka ce ai cewa ta yi na kowa. Har aka kai ga gori tsakanin wasu mata biyu da suka shekara goma suna zama kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta tashi ta kaɗe zani ta ce ta fita.

Yarinyar kuwa tun Afrilu ta daina zuwa. In ta hango ni na sauka daga mota sai ta shige gida. Cikin azumi ƙaramin ɗanta ya kwanta rashin lafiya har aka kwana uku da shi a asibiti. Tana da haƙƙi a jakar taimakon juna kamar kowa, shekara biyu tana zubawa, amma kunyar bashi ta hana ta zuwa ta nema. Keken mijinta ta sayar, abin da ya rage mata nasa ke nan, wanda take ba da haya ana ɗaukar kifi. Sai bayan ƙaramar salla na ji. Yaron ya warke alhamdu lillahi, keke kuwa ya tafi. A motar komawa gari na lulluɓe fuskata da mayafi na yi kuka mai isata, kwandasta yana ta ce mini pole, pole Mama, wato sannu.

Na sami Bi Mkubwa a gidanta tana kankare kwakwa. Na ce Mama na yi ɓarna, a yafe wa yarinyar nan bashin, a cire daga kuɗina, sauran ma na bar wa ƙungiya. Ba ta ɗago ba ta ce, "'Yata, kuɗinki za ki ɗauka, duka, a gaban kowa, yadda kika ajiye su a gaban kowa." Na ce to bashin fa? Ta ce, "Bashin namu ne, mu muka ƙirga muka ba ta, da bakinmu a rufe. In kika biya mata, har ta mutu sunanta wadda baƙuwa ta biya wa. Kuma duk mai bashi a ƙauyen nan za ta zauna jiran wata baƙuwar. Ke watanni suka rage miki ki hau jirgi, mu kuwa a nan za a binne mu." Na ce me ya sa ba ki hana ni ba tun ranar? Ta ce, "Na tambaye ki na wane ne."

Ba zan ɓoye miki ba 'yar uwa, har yau akwai ɗan sashen zuciyata da bai gama yarda da hukuncin nan ba. Mun taso an koya mana falalar sauƙaƙa wa wanda bashi ya yi wa nauyi, ga marainiyar Allah da 'ya'ya biyu, ga kuɗi a hannuna, kuma ni na jefa ta. Malam ma cewa ya yi da shi ne da ya san yadda ya yi ya biya a ɓoye. Amma a ƙauyen da kowa ya san adadin kajin kowa, ina ɓoye yake? Kuma na riga na yi gaban kaina sau ɗaya na ga inda ya kai mu.

Bi Mkubwa da kanta ta je gidan yarinyar da masu makulli uku, suka zauna har sau biyu kafin ta yarda ta dawo. Aka ba ta abin da ya kamata a ba ta tun farko daga jakar taimako. Tsohuwar nan da na ƙi jin maganarta ita ta ba ta irin mai araha kyauta, ta ɗaura a igiyoyin da suka rage. Su ma masu jan ƙafa da aka ce musu kuɗin baƙuwa zai koma hannun baƙuwa, kuma duk gibin da aka samu daga rabon kowa za a cire, cikin sati huɗu suka kawo abin da ke kansu. Wadda ta yi fushi ta fita dai ba ta dawo ba, ta koma wata ƙungiya a unguwar gaba.

Ƙarshen Agusta, ana saura kwanaki babbar salla, aka yi fashin akwati. Abu na farko da aka yi, mai ƙirga ta ware shilin 400,000 tana faɗa da ƙarfi, ta miƙo mini, na karɓa da hannu biyu kaina a ƙasa. Ban taɓa jin nauyin kuɗi irin na ranar ba. Aka cire 20,000 na yarinyar daga bashinta, saura 100,000 aka yanka mata shilin 2,000 duk sati, ba tara. Wannan gibi kuwa kowace mace sai da ta ji shi a rabonta na shekarar, da kuɗin naman salla da na ɗinkin yara, ba wadda ta dube ni ta ce uffan. Da aka zo buɗe sabon zagaye Bi Mkubwa ta ce in ina so in shiga, ga littafi, hisa biyar ce iyaka kamar kowa, in na makara kuma tara shilin 500. Na shiga. Sau biyu ana cin tarata, duk saboda daladala.

Watannin da suka rage na yi aikin da aka aiko ni tun asali, wato duba lissafi, na kuma koya wa 'yan mata biyu yadda za su riƙe babban littafi in na tafi. Da ofis suka kawo mai koyar da yin sabulu da garin mwani, ni ce mai auna mai da soda, su ne masu sanin wanda za a sayar wa a otal-otal na bakin teku. Na sayi sabulun da yawa da kuɗin nan nawa, a farashin da suka yanka, har na yi tayi aka ƙi.

A watan Maris na 2018 aikin Malam ya ƙare. Ranar Talatar ƙarshe aka lissafa hatimina aka ba ni abina, suka haɗa mini da kanga turmi ɗaya, zanen nan nasu mai falle biyu da rubutu a gindi. Yarinyar ce ta riƙe mini jaka har bakin mota kamar da. A lokacin saura shilin 46,000 a kanta.

Muna Kano, wajen ƙarshen Agusta na shekarar, ina tsakar gida ina tankaɗe, sai ga saƙon murya ta WhatsApp daga wayar ɗaya daga cikin 'yan matan da na koya wa lissafi. Hayaniyar taro ce, ana ƙirga kuɗi da ƙarfi, sai muryar yarinyar ta fito tana cewa dada, yau na kai na ƙarshe, an soke sunana a shafin bashi. Ta ce tana tara na keke, amma na hannu za ta saya. Daga can baya na jiyo Bi Mkubwa tana cewa a tambaye ni ko na sami akuyar kankare kwakwa a garinmu, in ban samu ba a ba wani malami mai dawowa ya taho mini da ita.